Turaren Sista Rabi

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: wasiƙar da nake ɓoyewa cikin littafin soyayyata shekara biyu ba ta saurayi ba ce. Ta Sista Rabi ce, nas ɗin da ta yi jinyar Ummata lokacin ciwon dajin mama.

Kullum sai ta kunna turaren wuta kafin ta buɗe ciwon. Na ɗauka ƙyamar Umma take, na daina gaishe ta. Da na ga kukanta ranar rasuwar Umma na rubuta neman gafara, kunya ta hana ni miƙawa.

Jiya a motar Ajingi zuwa Gaya ina karatu, ƙamshin nan ya taso daga mayafin matar da ke gefena. Sai na ga ɗakinmu na Toranke, hayaƙi na lilo a hasken taga, Umma tana murmushi.

Matar ta juyo, sai ga Sista Rabi, tana ambatar sunan Umma: "Ikon Allah, 'yar Hajara! Har yanzu ba a magana?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Anti, me ya sa kike sa turaren nan?"

"Ummanki ta roƙe ni. Ta ce ba ta so ki riƙa tuna ta da warin ciwo."

Wallahi da ƙamshi nake tuna ta.

Ashe Sista ta yi ritaya, jibi za ta koma Kano wurin ɗanta. Ku ma akwai wanda kuka yi wa shiru haka?

Ni dai gobe da safe zan kai mata wasiƙarta, hannu da hannu.