Ranar da Sista Magdalena Ta Ƙi Ɗaura Ruwan Naƙuda

"Ba zan ɗaura ba, oga."

Abin da Sista Magdalena ta faɗa wa mai asibitin da take aiki a Orozo ke nan, da hantsin wata Talata a daminar bara, yana miƙo mata ledar ruwan naƙuda, wato ruwan da ake ɗaura wa mace a jijiya don ciwon haihuwa ya ƙara ƙarfi. Oga Meshach ba likita ba ne. Ɗan kasuwar siminti ne da ya gina 'yan ɗakuna ya rataya allo, likitan da ya ɗauka kuwa sai ranar Alhamis yake leƙowa. Sauran ranakun duk a wuyan Magdalena suke.

Wadda ke kwance a kan gadon ita ce Asta, matar yayana Murtala, da cikinta na fari. Daga rugarmu ta bayan Orozo aka kawo ta.

Amma bari a fara sanin wace ce Magdalena. Ungozoma ce mai takardar aiki, 'yar Filato, gajeriya, mai faɗa kamar ta ari baki. Kullum da sassafe take tahowa daga Jikwoyi a keke, ta share ɗakin awon ciki da kanta don ba ta yarda da sharar kowa ba, ta tafasa almakashinta, sannan ta jera mata a benci. A gefen teburinta akwai tire da take ɗora ƙwayar gyaɗa, lemon tsami, mangwaro da gwanda. Da su take koyarwa. Ta ɗaga gyaɗar ta ce, "Lokacin da kika fara amai kina zagin mijinki, girman ɗanki ke nan, amma zuciyarsa ta fara bugawa." Ta ɗaga mangwaron ta ce daga nan uwa ke fara jin motsi, kuma ranar da motsin ya ragu kada a jira gari ya waye sau biyu, a zo.

Matanmu na ruga suna ɓoye maganin ƙarin jini a ƙarƙashin tabarma, wai yana sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita. Magdalena ta gano. Sai ta daina ba da na ranar awo a leda. Ta riƙa tsayawa a kan mace da kofin ruwa.

"Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe. Ke mai nono, ni za ki yi wa wayo?"

"Sista, wallahi na haɗiye!"

"To wannan jan abin a kumatunki goro ne?"

Matan benci su kwashe da dariya, ita ma mai laifin ta rufe fuska ta haɗiye.

A irin wannan awon ne hannunta ya taɓa gaya mata cewa ɗan Asta bai juya ba, kansa na gefe, a gicciye yake. Ta ce a dawo a sake dubawa. Ba a dawo ba, don shanu sun yi nisa kuma babu mai rako.

Ranar Talatar, Asta na kwance shiru, ko uhm ba ta ce ba. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a gefen gado. Duk wanda ya tashi a ruga ya san ma'anar wannan shirun. 'Yar Fulani ba ta kukan naƙuda, balle ta fari, balle a gaban surukarta. Ko ana yanka ta, in ka tambaya za ta ce ba komai. Oga Meshach bai san haka ba. Ya leƙo ya ga mace a natse, sai ya yanke cewa ciwon ne bai kankama ba, a taimaka mata da ruwa a gama. Inna ma ta goyi bayansa, don ita burinta a haihu a koma gida ba tare da wuƙa ba.

Magdalena ta dubi yatsun ƙafar Asta, ta ga sun lanƙwashe sun kama zanin gado. Ta ce, "Inna, don Allah je ki samo mana ruwan zafi." Ba ruwan take so ba. Inna na fita ta rufe ƙofa, ta ɗora tafin hannu a cikin. Ya yi tauri kamar dutse, ya saki, nan take ya sake ɗaurewa. Kan yaron na nan a gefe inda ta bar shi.

"'Yata, surukarki ta fita. Gaya min gaskiya."

Sai a lokacin hawaye ya zubo. Asta ta ce, "Sista, tun jiya nake jin kamar zan tsage."

Shi ya sa ta ƙi. Ta ce wa mai asibitin ɗan da ke gicciye ba shi da hanyar fita, in aka ƙara wa mahaifa ƙarfi fashewa za ta yi, a rasa uwa a rasa ɗa. Sai an kai ta babban asibiti an yi aiki.

"Kullum ke sai tura mutane waje! So kike a ce ba mu iya komai ba? In kin fita da ita, kada ki dawo min."

"Na ji, oga. Matsa min hanya."

Ita ta tare mota a bakin titi. Ita ta tsaya gaban Murtala, wanda ya ja baya da ya ji maganar aiki, ta ce, "Malam, in saniyarka ɗa ya gicciye mata, jan ƙafarsa kake yi da ƙarfi ko neman wanda ya iya kake?" Ya sunkuyar da kai ya shiga mota. A cunkoson Nyanya ta fito daga motar cikin farin kayanta na aiki tana buga bayan motoci tana ihu a ba su hanya, kan Asta kuwa a cinyar Inna.

Kafin la'asar aka ciro yarinya, tana tsala kuka. Inna da ba ta taɓa kuka a gabanmu ba ta zauna daɓas a barandar asibiti tana ta hamdala. Yau yarinyar, Kauthar, tana tafiya, tana bin 'yan maruƙa tana faɗuwa. Asta ta koma tallan nononta. In na gan su sai in ji numfashina ya sauka har ciki.

Ana cewa mutanen ruga ba sa godiya kuma ba sa rubutu. Ni daga rugar nan na fito, na yi karatu, ga shi na rubuta, kowa ya karanta.

Sista Magdalena, ke ce kika ji abin da shirunmu ke faɗa. Ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, amma kin san kunyarmu har kika san yadda za ki fitar da tsohuwa daga ɗaki ba tare da kin ci mata fuska ba. Mun gode. Allah ya saka miki, ya raya naki.

Ku kuma ma'aikatan jinya masu tasowa, ku koyi ɗora hannu a ciki kafin ku yarda da fuska. Ku koyi cewa a'a ga mai biyanku albashi in ran mace na hannunku. Sai dai ku shiga da idonku a buɗe, don ba kyauta ba ne.

Magdalena ta rasa aikinta a ranar, bayan shekarun da ta kwashe a wurin, babu sallama babu ko sannu. Masu ƙananan asibitocin yankin sun san juna, har yau babu wanda ya ɗauke ta, wai ba ta jin magana. 'Yarta ta bar makarantar jinya da ta fara. Ita kuma yanzu gwanjon kayan jarirai take sayarwa a kasuwar Karshi, a ƙarƙashin lema, rana na dukanta.