Kwamfutar Yaya Mudi Ta Yi Shiru

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma wallahi har yanzu da nake danna wayar nan bai fita a raina ba. 'Yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku. Amma sai na fara ba ku labarin ɓarnar da na tafka, in ba haka ba mafarkin ba zai yi muku ma'ana ba.

Ni ce auta a gidanmu, kuma gida ɗaya nake zaune da babban yayanmu, Yaya Mudi. Yaya makaho ne. Idonsa ya tafi yana ɗan shekara goma sha huɗu, lokacin ni ina goye a bayan Inna, Allah ya jiƙanta. Ya koyar a makarantar makafi har ya yi ritaya. Yana da wata tsohuwar kwamfuta, irin mai ƙaton allon nan mai ƙeya, farinta duk ya koma kalar haƙorin mai cin goro. In ka kunna ta, sai ka ɗora ruwan shayi ya tafasa ba ta gama miƙa ba. Amma tana magana. Akwai wata manhaja a cikinta mai muryar mace, duk harafin da ya danna sai ta faɗa masa, duk layin da ya rubuta sai ta karanto masa da wata irin Hausa ta hanci. Shi ya raɗa wa manhajar suna Hajiya. An sha kawo masa sababbin kwamfutoci, ya shafa ya ture, ya ce yatsunsa sun tsufa da koyon sabuwar hanya. Ita kuma Hajiya ba ta hawa kan na zamani.

Da ita yake rubuta littafinsa. Abubuwan da ya gani da idonsa kafin ya makance yake rubutawa, launin ƙofar gidanmu ta da, rafin bayan gari, kamannin mutane. Ya ce fuskoki sun fara goge masa a ka ɗaya bayan ɗaya, yana so ya ajiye su kafin su ƙare.

To ni sarkin iyayi, shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane takardu a shago, na ɗauka na zama injiniya. Na ga kwamfutar tana nauyi, na ce bari in wanke masa ita tas in zuba mata komai sabo. Na kwashe rubutunsa na adana, na goge ta, na sake zubawa, na mayar da rubutun, na mayar da Hajiya. Komai ya hau lafiya lau, murya ce kawai babu. Ashe katin sautin da ke cikinta yana da tasa 'yar manhajar, wadda masu gyara ke kira direba, in babu ita kwamfutar ba ta ma san da zamansa ba. Tana kan wani faifan sidi da ya zo tare da kwamfutar. Faifan nan kuwa, ni da hannuna na haɗa shi da tarkacen tsofaffin faifai a leda bara, na bai wa Kawu Ilu ya rataya a gonarsa ta shinkafa, don ƙyallinsu ya riƙa korar masa tsuntsayen jan-baki.

Na buga wa Kawu waya, ya yi dariya ya ce ambaliya ta tafi da rabi, sauran kuma rana ta cinye bayansu. Na kai ta wurin Malam Bala mai gyara, ya zare katin ya duba ta ko'ina, ya ce lambar jikinsa ta goge, kuma in babu lamba bai san wanne zai nemo ba. Sabon kati kuma ba ya shiga raminta. Na sauko da direba sun fi ashirin daga intanet, ko ɗaya ba ta karɓa ba. Duk lokacin da aka kunna ta sai wata 'yar taga ta fito a tsakiyar allo, tana cewa a sa mata faifai. Yau kwana tara ke nan. Da Yaya ya zage ni da na fi samun sauƙi, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ba komai, Auta, ai gyara kika yi niyya." Tun da na dawo da ita daga wurin Malam Bala na jona masa, kunya ba ta bar ni na ƙara taka ɗakinsa ba. Daga bakin ƙofa nake gaishe shi in wuce.

To ga mafarkin.

Na gan ni a shagonmu da rana tsaka, na ƙulle katin sautin a bakin mayafina kamar yadda tsofaffi ke ƙulle goro. Mutane sun yi layi har titi, kowa da takarda a hannu, amma babu mai miƙo min. Kallona kawai suke yi. Na ce musu yau ba aiki, ina da uzuri. Ban ji muryata ba, amma a mafarkin hakan bai dame ni ba tukuna.

Sai kawai na gan ni a layin masu gyara a kasuwa. Rumfunan sun yi tsawo sun wuce yadda na san su, an jibge matattun kwamfutoci har rufi, awaki na hawa kansu. Ana ta ciniki, ana faɗa, wani yana buga guduma, injin janareto yana girgiza yana hayaƙi, amma ko ƙwaƙƙwaran motsi ba a ji. Malam Bala yana zaune a kan turmi. Na kwance mayafi na ba shi katin, ya shinshina, ya juya bayansa ya nuna min. Ga lambar nan ɓaro-ɓaro an rubuta da tawadar allo. Na yi murna na sa yatsa zan bi ta in karanta, duk harafin da na taɓa sai ya narke ya bi yatsana. Na san in na daina taɓawa sauran za su tsira, amma hannun ya ƙi tsayawa har na kai ƙarshe. Malam Bala ya karɓi katin ya mayar min a mayafi, ya ƙulle da kansa, ya nuna min wata ƙofa a bayan rumfarsa wadda a zahiri babu ita.

Ina buɗewa sai kawai na faɗa ruwa har gwiwa. Gonar Kawu Ilu ce, amma ba ta da iyaka. Shinkafa ta nuna, an ja igiyoyi ta ko'ina, kuma a kan kowace igiya faifai ne rataye reras, suna juyawa suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Kawu yana can saman rumfar gadi yana jan igiya mai gwangwanaye. Ina ganin gwangwanayen suna karo da juna, babu ƙara. Na ɗaga masa hannu na tambaye shi wanne ne nawa. Ya kalle ni ya ci gaba da jan igiyarsa.

Na fara bi ɗaya-ɗaya. Na san namu yana da rubutun shuɗin alƙalami a gefe, don Yaya ya taɓa sa wani abokinsa ya yi masa alama. Na juya na farko, fuskata ce a ciki. Na biyu ma fuskata, amma ina ƙarama da kitson makaranta. Na uku wata tsohuwa ce da ban sani ba, tana tauna wani abu. Haka na yi ta juyawa, fuskoki iri-iri, wasu na gane su, mutanen tsohuwar unguwarmu ne da suka daɗe da rasuwa, wasu kuma rabin fuska ne kawai, babu baki ko babu ido ɗaya. Duk wanda na saki sai igiyarsa ta tsinke ya nutse. Na riƙa ƙoƙarin riƙe su a hammata da haɓa, suna zamewa. Ruwan kuma ya kawo min ƙugu.

A nan ne na ji sauti na farko a duk mafarkin. Jan-baki ne suka taso, garke guda har suka rufe rana, amma ba kukan tsuntsu suke yi ba. Muryar Hajiya ce ke fitowa daga bakinsu, kowanne yana faɗin harafi ɗaya da Hausar nan ta hanci. Na saurara ko za su haɗu su zama magana, ba su haɗu ba. Na yi ta roƙonsu su sauko, ina cewa mai su yana gida yana jira. Suka sauka a kan shinkafar suna ci, suna faɗin haruffansu.

Sai kawai ga kwamfutar a gabana a kan tebur, a tsakiyar ruwan, a kunne, ba waya ba komai. Kuma ga faifan mai shuɗin rubutu a hannuna, ban san lokacin da na same shi ba. Jama'a, irin daɗin da na ji ba zai faɗu ba. Na goge shi da mayafi na sa mata, ta haɗiye, ta fara ƙugi. Shuɗin layin nan da ke nuna ci gaban aiki ya fara tafiya a hankali. Ya kai rabi. Ya wuce rabi. Ina ta salati, ina cewa Allah ka rufa min asiri ko sau ɗaya ne. Saura ɗan ƙiris ya cika sai ya tsaya, ya fara komawa baya. 'Yar tagar nan ta fito tana tambayata wani abu da ban iya karantawa ba, da maɓallai biyu a ƙasa, dukansu rubutu iri ɗaya. Na danna na dama, layin ya sake farawa daga farko. Na danna na hagu, haka. Na yi wannan ya fi sau nawa ban sani ba, ruwa ya kawo min ƙirji, ina ɗaga linzamin kwamfutar sama don kada ya jiƙe.

Da na ɗago kai sai na ga Yaya Mudi tsaye a bayan allon, da farar rigarsa ta Juma'a, ruwan bai taɓa shi ba. Idonsa a buɗe, garau, yana gani. Ban taɓa ganin idon Yaya haka ba a rayuwata. Ya dubi shinkafar, ya dubi tsuntsayen, ya yi murmushi. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Baiwar Allah, wace ce ke?"

Na ce ni ce Auta. Na ce Yaya ni ce, Rabi. Bakina yana motsi, babu abin da ke fita. Shi kuwa da murya kaɗai ya san ni, bai taɓa ganin fuskata da girmana ba. Na yi ihu iya ƙarfina. Ya ɗan karkata kai yadda yake yi in yana saurare, ya jira, ya jira, sannan ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya juya ya bi cikin shinkafar. Na bi shi, ƙafata ta kafe a laka.

A nan na farka, rana ta riga ta fito, ko asuba ban ji ba. Na tashi na yi salla. Sai na jiyo ƙarar maɓallai daga ɗakin Yaya, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Na san da wannan. Ranar da na dawo da kwamfutar ya ce in saita masa ita yadda shafin rubutu zai riƙa buɗewa da kansa, tun da ya haddace maɓallan zai ci gaba ko babu Hajiya, in ta dawo ta karanta masa. Na saita, na fita. Kwana shida ina jin ƙarar nan kowace safiya ina ɗan samun sanyi a raina, ina cewa ai ko ba komai aiki yana tafiya.

Yau saboda mafarkin na kasa wucewa. Na yi sallama a hankali bai ji ba, na shiga, na tsaya a bayansa.

'Yar tagar nan ce zaune a tsakiyar allo tana jiran faifai. Ita ke fitowa bayan shafin ya buɗe, ta tare gaba, duk abin da aka danna ita yake samu, ita kuma ba ta riƙe komai. Da akwai sauti, da tun harafin farko kwamfutar ta yi masa ƙara ya san da matsala. Shafin da ke bayanta yana nan inda ya tsaya kwana tara da suka wuce, ko ɗigo bai ƙaru ba. Shi kuma yatsunsa suna ta gudu, yana gyaɗa kai.

Ya ji numfashina ya dakata. Ya ce, "Auta, yau an tuna da mu ke nan? Zo, gara da kika shigo. Kwana huɗu na yi a kan fuskar Inna, jiya na gama. Kin san wani abu? Da safen nan na neme ta a kaina, sai inuwa-inuwa nake samu. Amma alhamdu lillahi, na riga na sauke ta a nan." Ya dafa saman allon. "Ke da ba ki yi mata wayo sosai ba, karanta ki ji yadda take. Karanta da ƙarfi, ni ma in ji."

Na ce masa bari in ɗauko tabarau. Ni ba na sa tabarau, kuma ya sani.

Yanzu haka ina zaune a bayan ɗakin girki nake rubuta muku wannan, ina jiyo shi yana gyaran murya yana jirana. Don girman Allah, masu sanin fassara ku taimake ni. Faifan da na samu a ruwa, alama ce in hau mota in je gonar Kawu in bi igiyoyin nan, ko kuwa layin da ya riƙa komawa baya yana nufin in haƙura? Idon Yaya da ya buɗe bai gane ni ba, me yake nufi? Kuma in akwai wanda mafarkin ya nuna masa abin da ni ban gani ba, ya faɗa min, in na koma ɗakin nan yanzu, me zan karanta masa?