Kwanon Da Ba A Shan Ruwa A Cikinsa Sau Biyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina staff room da safen nan aka kira ni: Hajiya Yalwa ta unguwar Sheshe ta rasu.

Ɗalibaina na tarihi sun san ta. Duk term nake kwasarsu mu je gidanta. Ta shimfiɗa tabarma, ta raba musu alewa, ta kira kowace da sunan da ta laƙaba mata.

Sai ta fito da kwanon.

Tangaran ne, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, babu zane ko ɗaya. A gindinsa akwai rubutun mutanen Sin. Na bincika, irin wannan launi na fadar sarkinsu ne kaɗai. Kakanta ya taho da shi daga Makka, zamanin da ake zuwa a ƙafa.

Na sha roƙonta ta ara mini shi don baje kolin makaranta. Kullum sai ta ce, "Malama, ba ya kwana a waje."

Ranar Talata na leƙa ta da rana. Lafiyarta ƙalau, tana tsintar shinkafa. Kwanon na gefenta, an wanke shi, cike da ruwa. Ban taɓa ganin komai a cikinsa ba. Ƙishirwa ta sa na miƙa hannu.

Caraf ta riƙe ni. Ban san tana da ƙarfi haka ba.

"Kul! Ba naki ba ne tukuna."

Ta ce a gidansu, da shi ake ba mai barin duniya ruwan ƙarshe. Kakanta ya sha, mahaifiyarta ta sha. Abin da take tsoro shi ne nata lokacin ya zo kwanon ba ya kusa.

Na ce, "To waye ba lafiya, Hajiya?"

Ta yi dariya. "Kowa garau. Ke dai malamar tambaya."

Ni ba mai camfi ba ce, ajali na Allah ne. Amma 'yarta Binta ta ce a kan sallaya suka same ta, kwanon na cinyarta, babu ko ɗigo.

Ashe Hajiya ta bar saƙo a ba ni shi. Wai jikokinta tsoronsa suke ji, gara ya koma inda yara za su kalle shi don kyau kawai.

Na amince. Ban dai san yadda zan kai masa hannu ba.

Allah ya jiƙanki, Hajiya, ya shayar da ke daga Alkausara. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.