Igiyar Kaba da Ɗan Kwikwiyon da Ya Ƙi Fita

Igiyar kaba tana da wani wari idan ruwa ya taɓa ta, tsakanin warin ciyawa da na tsohuwar tabarma. Shekaranjiya aka yi yayyafi ina cikin kasuwar Dogon Dutsi, na bi ta gefen rumfar wani mai saida igiyoyi, warin ya buge ni, na tsaya cak kamar an kira sunana. Mai babur ɗin kabu-kabun da ke jirana har ya gaji ya fara danna oda. Ni kuwa tuni na koma ƙauyenmu na wajen Ɗan Kassari, ina ƴar shekara tara, ina jan wani ɗan kwikwiyo da ya rantse ba zai fita ƙofar gidanmu ba.

Kawuna, ƙanen inna, shi ya kawo shi cikin jakarsa ta farauta, ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Ja ne mai farin ƙirji, da ciki kamar ƙaramin tulu. Gonarmu tana gindin dutse, birai sun mai da waken baba nasu, tsohon karenmu kuma ya mutu da rani. Aka ce wannan shi zai gaje shi. Ni ce mai kai wa yayyena fura gona idan an yi hutun lakwal, wato makarantar boko, don haka ni aka ɗora wa koya masa hanya tun yana ƙarami. Kai, murna! Wata rana na dawo daga lakwal na tarar an rage masa kunnuwa an shafa toka. Ban tambayi kowa ba, don duk karen garinmu haka kunnensa yake.

A cikin gida babu irin tsiyar da bai iya ba. Ya kori kaji, ya ja wa akuya wutsiya, ya sace takalmin kakana ya kai ƙarƙashin rumbu. Amma ranar da hutu ya zo, na kwance igiyar kaba daga jikin turke na nufo shi, sai ya lafe a ƙasa. Na zura masa a wuya na ja, ya kafe ƙafafu huɗu. Na ƙara ƙarfi, ya zauna daɓas, na dinga jansa yana share mana tsakar gida har bakin zaure. Nan ya saki fitsari, jikinsa na ɓari, ya yi wani siririn kuka wanda har yau ba na son tunawa. Ni ma na fashe da kuka, amma na haushi, ba na tausayi ba. Gaskiya ina da zuciya tun ina yarinya, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Kwana huɗu muna haka. Na yi lallashi, na yi zagi, na ɗauke shi cak na fitar da shi waje, ina dire shi ya rugo ciki da wutsiya tsakanin cinyoyi. Kowa a gidan ya zama likitan kare. Inna ta ce lalaci ne, an cika masa ciki da ƙanzo. Gwaggo, yayar baba, ta ce dabba tana ganin abin da mutum ba ya gani, kuma kowa ya san tsohon gawon da ke ƙofar gidanmu akwai aljana doguwa a cikinsa, in ba haka ba me ya sa duk itace ke yin ganye da damina shi yana zubarwa? Ni kuma na ce rairayi ne ke ƙona masa ƙafa. Na gwada da sassafe ƙasa na da sanyi, ba ta canza zani ba. Na bincika tafin ƙafarsa ko ƙarangiya ta shige, babu komai. Kaka ya yi dariya ya raɗa masa suna Na-ɗaka, sunan kuwa ya bi shi.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ran na biyar, bayan la'asar, ya kira ni ya ce, "Karen da ba shi gona, ba shi kiwo, ba shi farauta, ba shi da mazauni gidan mai salla. Na ba ki kasuwa biyu. In bai bi ki ba, mai kwanoni ya tahi da shi."

Mai kwanoni wani mutum ne da ke zagaya ƙauyuka ranar kasuwa a kan keke, da kejin waya a baya. Ka ba shi kare, ya ba ka sabon kwanon sha. Kudu yake yi da su, ƙetaren iyaka, kuma ko mu yara mun san tukunya ce makomarsu. 

Kakana a lokacin ya daina noma. Aikinsa zama a zaure yana tufkar igiyar kaba, yana yayyafa mata ruwa don ta yi laushi, ƙafa ɗaya a miƙe, bakin igiyar a naɗe da babban yatsansa. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Na je na durƙusa gabansa ina shessheƙa na ce, "Kaka, mi ya hana shi hita?"

Ya ce, "Amarya, ke kin tambaye shi?"

Na ce, "Haba Kaka, kare na magana?"

Ya ce, "Da ƙahwa yake yi. Gobe kar ki taɓa shi, kar ki kira shi. Ki zauna ki yi kallo, ki zo ki ba ni labari."

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar zaman nan ba. Na samu inuwar rumbu na zauna, bakina na ƙaiƙayi. Da hantsi sai na ga wata kaza ta sulale ta wani rami a jikin darni, bayan rumbu. Na-ɗaka ya bi ta. Na leƙa ta tsakanin kara, me zan gani? Ga mutumin can waje, yana bin ƙadangare cikin kuɓewar maƙwabta, har bakin kududdufi ya je ya dawo da taɓo a hanci. Ashe yana fita! Kullum yana fita, mu ne ba mu sani ba. Na ci gaba da kallo, na lura duk sa'ad da zai ratsa tsakar gida sai ya yi kwana ya kauce wa turken akuya, kuma ko kusa ba ya zuwa bakin zaure.

Na ruga na zayyana wa kaka. Ya ɗauki wani tsumma ya jefa tsakar gida. Na-ɗaka ya daka tsalle ya cafke yana yagarsa. Kaka ya yanki guntun igiyar da yake tufka ya jefa. Kafin ta taɓa ƙasa, kwikwiyon yana ƙarƙashin rumbu, idanunsa kaɗai ake gani.

Kaka ya ce, "To, ba daji yake tsoro ba. Wa ya hwara sa mai igiya?"

Inna tana daka, ko taɓaryar ba ta tsayar ba ta ce wa kaka, "Ai ƙanena ne, ranar yankan kunne. Baba, gabanka aka wuce da shi."

Sai a lokacin na ji yadda aka yi. Kawu ya ɗaure shi da igiyar turke, ya ja shi ta cikin zaure zuwa gindin gawo, ya danne shi ya rage kunnuwan da aska. Haka mafarauta ke yi don kada biri ko ƙaya su sami abin kamawa, kuma sun ce yana sa kare zafi. Wannan ce fitarsa ta farko ta ƙofar gidanmu. Ni kuma na zo da igiyar nan dai, na ja shi ta hanyar nan dai, ina zaginsa don ya ƙi. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage. Babu wanda ya ɓoye mini komai. Abin ne ya zama ruwan dare har ba wanda ya ɗauke shi labari.

Kaka ya daɗe yana kallon igiyar da ke hannunsa. Ya ce, "Karnuka nawa aka yanke ma kunne gabana, ba wanda ya riƙe abin a rai. Wanga mai riƙo ne, irinki." Da yammar nan ya tattara kabarsa da igiyoyinsa duka ya kai ɗakinsa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin zauren nan ba igiya ba.

Saura kwana takwas. Na fara da dabarar da na ga ta fi sauƙi: na rarrafa ta ramin kaji, na yage rigata, Na-ɗaka ya biyo ni yana tsalle har rabin hanyar gona. Na dawo ina fankama. Baba ya ce ƙwaryar fura ba ta bin ramin kaji, kuma ta nan awakin mutane ke shigo mana. Ya sa ƙaya ya toshe. Dole sai ƙofa. Sai na koma ajiye kaskon ƙanzonsa kullum taki ɗaya kusa da zaure. Ran na uku ya ci a bakin zaure. Ran na shida ya ci a ciki, kusa da ƙafar kaka. Amma da ya leƙa ya hango gawo, sai ya ja da baya. Ina tsayawa a waje in juyo, in miƙa hannu, in kira shi da duk muryar da Allah ya ba ni. Yadda nake ƙara kira, haka yake ƙara lafewa.

Ranar kasuwa ta biyu, da hantsi, muka ji ƙararrawar keke. Baba ya fito ya miƙa hannu zai kwance igiyar turke. Kaka ya ce, "Aje wannan." Baba ya ajiye, don uba ne ya yi magana. Kaka ya leƙa ya roƙi mai kwanoni ya koma bayan masallaci ya ɗan jira, kada kukan karnukan da ke cikin keji ya ɓata mana aiki. Ya sa inna ta ɗora mini ƙwaryar fura, tun da yayyena suna gona kamar kullum. Sannan ya kama hannuna.

"Amarya, tahi abinki. Kar ki kira, kar ki waiwaya. Ranar yanka ma tsayawa aka yi ana kallonai, ana miƙo hannu. Ki wuce gawo kamar ba ki san shi ba."

Na fita. Na wuce gawo, ban ji komai a bayana ba. Na wuce rijiya, mata na gaishe ni, na yi gaba abina. Wuyana ya yi tsami don son juyawa. Hawaye na shiga bakina, ba halin sharewa, hannuwana biyu na riƙe da ƙwarya. Can na ji kamar ƙararrawar keke, zuciyata ta ce shi ke nan, an sa shi a keji, ke kuma ko kallon ƙarshe ba ki yi masa ba. Na tsani kaka a wannan lokacin, Allah ya gafarta mini. Amma na ci gaba da tafiya, don ban san abin da zan yi ba in na tsaya.

Na shiga tsakanin gero, ganye na shafar gwiwata, raɓa ba ta gama bushewa ba. Sai wani abu mai sanyi ya taɓa mini diddige. Ya sake taɓawa. Na ji haki, na ji ƙananan ƙafafu suna sassarfa a kan rairayi. Wallahi ban waiwaya ba. Ina kuka ina dariya har gindin dutse, sai da na sauke ƙwaryar sannan na juya. Ga shi zaune, harshe waje, guntayen kunnuwansa a tsaye, kamar dama shi ya kawo ni. Na tsiyaya masa furar yayyena a kan wani faffaɗan dutse, na sha faɗa, ko a jikina.

Da muka dawo tare, baba ya dube mu ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Inna ta ce na ja mata asarar kwano.

Na-ɗaka ya tsufa a gonar nan, birai sun san shi ya san su. Ba a sake sa masa igiya ba. Kawu ya yi ta neman ya bi shi farauta, amma in ya shigo gida, karen sai ya tashi ya fita. Har karen ya mutu kuma bai taɓa bi ta gindin gawo ba, sai ya yi kwana mai faɗi, gwaggo tana cewa, "Kun gani ko?" Ni dai har yau ina tambayar kaina me ya faru a zauren nan bayan na ba da baya. Ya daɗe yana leƙe? Kaka ya ce masa wani abu? Na tambayi tsohon sau da yawa, ya ce shi ma rufe ido ya yi.

Yanzu igiyar roba ta cika kasuwa, masu tufkar kaba sun yi ƙaranci, gawon ma an sare shi an yi shago a wurin. Shekaranjiya da na daɗe tsaye, mai igiya ya ce, "Hajiya, ta akuya ko ta guga?" Na ce ya dai ba ni ɗaya. Ga ta can rataye a ƙusa bayan ƙofata, yara na ta tambayar me za a ɗaure da ita. Na ce musu ba komai.