Gudun Baba

A Runjin Sambo, in aka ga magidanci yana gudu, to ko ɓarawo ya biyo ko sa ya tsinke igiya. Babana kuwa, dillalin shanu mai furfura, haka kawai yake gudunsa. Duk Lahadi daga sallar asuba zai sa wandon 'yan ƙwallo ya nufi Kwalkwalawa, ya wuce gonakin shinkafa, ya yi ta tafiya har ƙauyukan da ko a babur mutum sai ya yi shawara. Sai azahar zai dawo yana ɗingishi, gishirin gumi ya yi fari a rigarsa, faratan ƙafarsa baƙi ƙirin, yara na binsa da tafi. Wallahi ni dai ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekarar da wani malamin makaranta ya fito neman aurena, ina sonsa ba kaɗan ba, danginsa suka turo baffansa bincike kamar yadda aka saba. Mai shayin bakin layinmu ya shaida masa cewa gidan mutunci ne, sai dai maigidan yana gudu ba a kore shi ba. Baffan ya aiko cewa zai zo su gana. Kowa ya san abin da yake son ji: ko akwai taɓin hankali a jininmu.

Inna ta zaunar da Baba ta yi masa bita. Wai ya ce ciwon suga ne, likita ya sa shi gudun, shi ke nan magana ta mutu. Ni ma na sa baki har da kuka. 

Ranar da baffan ya zo na laɓe a bayan zaure. Bayan gaisuwa baffan ya tambaya ko umarnin likita ne. Ga hanya an buɗe masa, amma Baba ya ƙi bi.

"Lahiyata lau," in ji shi. "Akwai inda ƙahwahuna ka mutuwa, in ji ba ni iya ƙara taki guda. In na wuce nan, hayaniyar kasuwar shanu duk sai ta bar kaina, in koma yaron da ke bin shanu a daji. Shi nika zuwa nema."

Baffan ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ba su sake waiwayarmu ba.

Na yi sati ban haɗa ido da Baba ba, don haushi da kunya. 

Lahadin da ta biyo na fito alwala na gan shi a bakin zaure. Ya zuba babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, takalman gudun kuma ya ƙunshe su a baƙar leda. Da ya gan ni, sai ya mayar da ledar bayansa.