Kwalayen dabinona sun dawo gida

Jama'a, yau sharata ta biyo ni har ƙofar gida!

Kun san ina sayar da dabino ta intanet. Bayan la'asar sai ga Hajiya Zulai, dattijuwar nan ta unguwar Bani Harisa, wadda jikarta ke yi mata oda a wurina. Motar ɗanta cike da kwalayena! Na ce a raina shi ke nan, dabinon ya lalace. Na buɗe ɗaya, wayam! Har ledojin ta wanke.

Na ce, "Hajiya, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, 'yata. Sunanki ne a jiki, ba nawa ba. Dabino na saya, ban sayi shara ba. Yalla, yi maza ɗauki ɗaya ki sake cika min!"