Babban Kifi Na Mai Ciki Ne

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Audu, masunci a Gummi, mutum mai taurin kan tsiya. Lokacin da samari ke kwarara dazukan Anka da Bukkuyum neman zinari, ko kallo ba su ishe shi ba. Ya kan ce, "Mi ag gamina da rami? Gulbi ya ishe ni, kihina ba dahi cikinai."

Duk ranar da ya kamo giwan ruwa ko ƙatuwar tarwaɗa, ba ta ganin kasuwa. Ta mai ciki ce a unguwa, ko mai jego. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ya ce haka ya ga Baba na yi.

Bayan gubar dalma ta ɗebi yara a ƙauyuka, masu zinari da dama sun daina ƙona zaiba cikin gida. Zaiba ita ce farin ruwan ƙarfen da ke kama zinari, a sa wuta ta tashi hayaƙi. Suka koma fili bakin rafi don iska ta tafi da shi, muka ce sun yi hankali. Sai daga baya masu aikin lafiya suka yi mana bayani. Hayaƙin ba ya ɓacewa. Yana sauka kan ganye da ƙasa, damina ta wanke shi zuwa rafi, rafi ya miƙa wa gulbi, ya kwanta cikin laka. Ƙananan kifaye su ci, manya su cinye su. Mafi girma shi ya fi tarawa, kuma ɗan da ke ciki ya fi kowa cutuwa.

A ƙarshen rayuwarsa hannun Audu rawa yake, ko komar kamun kifinsa ba ya iya ɗinkewa. Ba a gwada jininsa ba, don haka ba zan rantse cewa zaibar ce ba. Amma da yana raye ya ji bayanin nan, na san baƙin ciki ne zai kwantar da shi.

Makon jiya ɗansa Sani ya kawo wa 'yata giwan ruwa, don cikinta ya tsufa. "Gwaggo, ga na Baba," in ji shi, yana murmushi irin na uban. Na karɓa, na sa masa albarka. Yana fita na haƙa rami bayan ɗaki na binne.

Alherin nan shi ne abin da Audu ya bari. Gobe Sani zai kai wa wata mai cikin, dole in hana shi, kuma har yau na rasa bakin da zan faɗa masa.